Yadda Ake Gane Mugunya a Mahaifar Kyanwa ko Karya, da Yadda Ake Ceto Ta

A gidanmu da ke cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, Inna tana da wata kyanwa mai ruwan toka wadda ta fi shekara shida tana tsare mata buhunan gero daga ɓeraye. Haihuwa ce ta yi mata yawa. Kafin ta yaye waɗannan ta ɗauko wani cikin, 'ya'yan kuwa ƙarƙashin gadon Inna take zuba su, har aka rasa wanda za a ba. Wata maƙwabciya ta ba da shawarar a yi mata allurar tazarar haihuwa irin ta mata, aka kira wani yaro mai kemis ya zo ya yi mata. Haihuwa ta tsaya, kowa ya ji daɗi. Aka sake yi mata har sau biyu.

Cikin bazarar da ta biyo baya sai kyanwar ta koma gindin randa da zama. Duk inda ruwa ya ɗiga tana nan tana lasa. Muka ce zafi ne, domin a watan Afrilu a Katsina ko mutum ba ya rabuwa da moɗa. Bayan kwana uku ta daina taɓa abinci, cikinta ya ɗan taso. Inna ta ce mini, "Kai ɗan nan, allurar taku ba ta ci ba, ga ta nan da wani cikin." Na ce, "To Inna, Allah ya raba lafiya." Ran kwana na shida da asuba aka tarar da ita bayan turmi ta miƙe. Malamin dabbobin da na roƙa ya zo shi ne ya buɗe cikin a gabana. Babu ɗa ko ɗaya. Mahaifar ce ta kumbura reshe biyu, kowanne ya kai kaurin karan rake, cike da mugunya mai wari.

Likitoci na kiran ciwon fayometira. Yana kama kyanwa, ya fi kama karya, kuma mai kashe dabba a cikinsa shi ne jinkiri. Shekara huɗu bayan rasa kyanwar Inna na sake haɗuwa da shi a jikin karyar da ke gadin gonar yayana a hanyar Daura. Ita ta rayu, don a wannan karon na san abin da nake kallo.

Abin da ke faruwa a ciki

Idan karya ta shiga lokacin barbara, bakin mahaifarta yana buɗewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta wannan ƙofa ƙwayoyin bakteriya ke haurawa ciki. Mafi yawanci ƙwayar da ake kira E. coli ce, wadda dama tana zaune a hanjin dabbar da kashinta. Ba sai namiji ya kawo mata ba. Karyar da ba a taɓa barbarar ta ba ma tana kamuwa.

Da lokacin barbara ya wuce, jiki yana sakin wani sinadari mai suna furojestaron, wanda aikinsa shirya mahaifa don rainon ciki. Yana ƙara wa bangon mahaifa kauri, ya sa ta tsatso ruwa, ya rufe bakinta, ya hana ta matsawa, ya kuma rage ƙarfin garkuwar jiki a wurin. A jikin karya sinadarin nan yana zama da yawa har kusan wata biyu, ko da ciki ko babu. Ƙwayar cutar da ta riga ta shiga sai ta samu ɗaki mai ɗumi, ga abinci, ga ƙofa a rufe. Kowane zagaye na barbara da ya wuce ba ciki yana ƙara lalata bangon mahaifar, shi ya sa ciwon ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara biyar ko shida. Wani bincike da aka buga a 2001 kan karnukan ƙasar Suwidin ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata da ba a cire wa mahaifa ba suna kamuwa kafin su cika shekara 10.

Allurar da aka yi wa kyanwar Inna, irin su Depo-Provera, kwaikwayon wannan sinadarin ce, kuma tana daɗewa a jiki watanni. Da hannunmu muka shirya wa cutar wurin zama.

Ciwon iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baki, inda mugunyar ke zubowa waje ana gani. Akwai mai rufaffen baki, inda babu abin da ke fita, mahaifa na ta cika, dafin ƙwayoyin na shiga jini yana taɓa ƙoda. Na biyun ya fi kisa, kuma shi ya fi wuyar ganewa.

Mataki na farko: ƙirga kwanaki

Kafin ka taɓa dabbar, tambayi kanka yaushe ta yi neman barbara na ƙarshe. A karya abin ba ya ɓuya: gabanta na kumbura, jini na ɗiga kamar kwana tara, karnukan unguwa su yi ta zarya a ƙofar gida. Yawanci sau biyu take yi a shekara, wasu karnukan gida sau ɗaya. Ciwon ya fi bayyana tsakanin mako huɗu zuwa takwas bayan nan. Kyanwa ba ta zubar da jini. Kuka take yi da dare, tana birgima, tana ɗaga ƙugu, muzurai na faɗa kan katanga. Ita ciwon kan zo mata da wuri, cikin mako ɗaya zuwa huɗu.

Rubuta ranar a kalandar bango ko a waya duk lokacin da ka ga alamar barbara. A gonar yayana babu wanda ya rubuta, amma da na tambayi mai gadi, "Baba, yaushe karnuka suka dame ku da dare?" sai ya ce, "Ai Alhaji, tun kafin a fara azumi da 'yan kwanaki." Da na lissafa sai na samu mako shida. Tambaya ta biyu ita ce ko an taɓa yi mata allura ko ba ta ƙwayar hana ɗaukar ciki. In amsar e ce, to ka zargi ciwon a kowane lokaci, ba sai ka jira lissafin makonni ba.

Mataki na biyu: duba ta da kyau

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Dabbar da ke cikin ciwo tana iya cizon ubangidanta. Karya a ɗaure mata baki da tsumma mai laushi, a zagaya shi sau biyu a ƙulle bayan kunnuwa, amma ban da wadda ke amai ko take haki sosai. Kyanwa a naɗe ta da tawul. Sa safar hannu, in babu ka zura hannunka cikin leda.

Fara da duba shan ruwanta, don shi ne alamar da muka fi yi wa mummunar fahimta a ƙasarmu mai zafi. Auna abin da take sha daga safiya zuwa wata safiyar. Ledar fiyawata rabin lita ce. Karya mai nauyin kilo 15 ba ta cika shan lita ɗaya a yini ba. In ta shanye leda uku ko fiye, wato mililita 100 ko sama da haka kan kowane kilo na nauyinta, akwai matsala. A bazara kowace dabba tana ƙara sha, saboda haka ka gwada ta da sauran karnukan gidan: in ita kaɗai ce ke manne da kwanon ruwa, tana kuma yawan tsugunawa fitsari mai yawa fari kamar ruwa, ba zafin gari ba ne. Dafin ƙwayar ne ya hana ƙoda riƙe ruwa. Kada ka janye mata ruwan don a rage fitsari, da shi take rayuwa.

Sai ka ɗaga wutsiya. Nemi mugunya fara, ko rawaya, ko mai launin ƙasa-ƙasa haɗe da jini, mai wari irin na ruɓaɓɓen nama. Gashin wurin kan manne, ƙudaje na binsa. Duba inda take kwanciya, buhu ne ko tabarma ko siminti, ko akwai tabo. Kyanwa mai tsafta ce, tana lashe abin kafin kowa ya gani, don haka yawan lasar gaba shi kansa alama ne. Rashin ganin mugunya kuma kada ya kwantar maka da hankali, wataƙila mai rufaffen baki ne.

Ɗaga leɓe ka kalli dasashi. Mai lafiya jaja-jaja ne, da danshi. Danna shi da yatsa ka saki: launin ya kamata ya dawo kafin daƙiƙa biyu. In ya yi fari fat, ko ya yi ja wur kamar garwashi, ko ya bushe yana manne wa yatsa, jini ya fara ɗaukar dafi. Kama fatar bayan wuya ka ɗaga ka saki. In ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, ruwan jiki ya yi ƙasa.

In kana da ma'aunin zafi irin na kemis mai lamba, shafa masa man Vaseline ka zura kansa kaɗan a dubura har ya yi ƙara. Zafin jikin kare da kyanwa na lafiya tsakanin digiri 38 ne zuwa 39.2, ya fi na mutum. Sama da 39.5 zazzaɓi ne. Ƙasa da 37.5 ya fi zazzaɓin haɗari, don jiki ne ya fara sakewa. Da yawa daga masu wannan ciwo zafinsu daidai yake fitowa, saboda haka ma'auni shi kaɗai ba ya wanke ta.

Ciki kuwa da ido za ka kalle shi. Kada ka matsa, kada ka bari wani ya matsa da sunan laluben 'ya'ya. Mahaifar da ta cika da mugunya bangonta ya yi siriri, in ta fashe a ciki da wuya a ci nasara.

Ragowar alamun su ne ƙin abinci, kasala, amai, wani lokaci zawo, da raunin ƙafafun baya. Karyar gonar yayana, wadda ko akuya ta gifta sai ta yi haushi, na tarar da ita kwance ƙarƙashin darbejiya, kai kan ƙafafu, ido kawai take bi na da shi. Mace da ba a cire wa mahaifa ba, wadda ta yi barbara cikin wata biyun da suka wuce, ga alama biyu daga cikin waɗannan: a ranar za a kai ta asibiti, ba gobe ba.

Mataki na uku: abubuwan da ke kama da shi

Ciki na gaskiya shi ne na farko. Karya da kyanwa duk kusan kwana 63 suke ɗauka. Mai ciki tana ci, har ta fi da, tana harkokinta. Wadda cikinta ya taso tana ƙin abinci tana shan ruwa ba mai ciki ba ce har sai hoto ya nuna 'ya'ya.

Akwai wani ƙari da karnuka ke shafa wa juna wajen barbara, mai yawa a karnukan da ke yawo. Jini ne ke ɗiga daga gaba, in an duba a ga tsiro ja mai ɓurɓushi, amma karyar na ci tana wasa. Shi allurar jijiya ake yi masa mako-mako a asibiti kuma yana warkewa. Akwai kuma ruɓewar mahaifa bayan haihuwa, cikin makon farko, musamman in mabiyiya ko mataccen ɗa ya maƙale. Shi ma na gaggawa ne.

Wanda nake so a kula da shi sosai shi ne ɓari. In karya ta zubar da 'ya'ya matattu wajen kwana 45 zuwa 59 na ciki, ruwa mai launin toka ko kore-kore ya ci gaba da zuba makonni, ita kuma ga ta garau, to a zargi ƙwayar burusela. Irin ta karnuka an gano ta a Amurka a 1966. 'Yar'uwarta ce ke kawo bakkale a shanu, kuma karen da ke cin mabiyiya ko ɗan ɓarin saniya ko akuya yana iya ɗauka. A namiji tana kumbura 'ya'yan maraina, ta kashe masa haihuwa. Wannan tana kama mutum. Zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. Don haka ba a taɓa ɗan ɓari da hannu tsirara. A sa safa, a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone, a wanke wurin da ruwan Hypo, a nisanta mai juna biyu da yara. Gwajin jini ne ke tabbatar da ita, kuma likita na iya aika jinin ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne na makonni, tana kuma yawan dawowa, babu rigakafinta a karnuka. Wadda aka samu da ita ba a sake haɗa ta barbara. In wani a gidan ya fara irin wannan zazzaɓin, a faɗa wa likitansa zancen ɓarin.

Mataki na huɗu: abin da ba za ka ba ta ba

Na san abin da hannu ke fara kaiwa gare shi: kafson ja-da-yalo a fasa a zuba cikin madara, ko a kira mai allurar awaki ya danna mata doguwar allura. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya kwashe mugunyar da ke cikin mahaifa. Zai iya sa ta ɗan ɗaga kai kwana biyu, mai ita ya saki jiki, sannan ta faɗi gaba ɗaya. Wasu magungunan kuma su ne ajalin. Farasitamol, wato Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Ibufurofen da dikulofenak suna huda ciki su ƙarasa ƙodar da dama ta raunana. Allurar jentamaisin ga dabbar da ruwan jikinta ya ƙare ita ma ƙoda take ci. Maganin ƙwayoyin cuta enrofuloksasin in aka wuce ƙima yana makantar da kyanwa. Allurar naƙuda ga mahaifar da bakinta ke rufe tana iya fasa ta. Kada a yi mata ɗure da jiƙo ko kanwa, kada kuma a zura komai ta gaba da sunan wanki.

Ruwa mai tsafta kawai za ka ajiye mata. Abinci a dakata da shi, domin wataƙila a yi mata allurar barci a ranar.

Mataki na biyar: kai ta inda za a iya aikin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai kyanwa ko kare ya kamata lambar likitan dabbobi ta kasance a wayarsa tun ana zaune lafiya. Kira kafin ka tashi, ka yi tambaya kai tsaye: "Likita, ina zargin mugunya a mahaifa. Kuna fiɗar kare da kyanwa? Kuna da ƙarin ruwa? Yau za a samu?" Yawancin aikin asibitocin dabbobi a yankinmu na shanu ne da tumaki da kaji, ba kowane wuri ke da kayan fiɗar ƙananan dabbobi ba. Malamin dabbobi yana da amfaninsa, amma buɗe ciki aikin cikakken likita ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. In ba a samu a Katsina ko Daura ba, a nemi Kano, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Kyanwa a sa ta a kwali mai huji ko kwando mai murfi, ba buhu ba. Karya a ɗauke ta da hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a bayan cinyoyi, ko mutum biyu su ɗago ta kan bargo, kada hannu ya shiga ƙarƙashin ciki. Mai kurkura da yawa ba zai yarda ya ɗauki kare ba, ka faɗa masa gaskiya tun farko, ka shimfiɗa leda da buhu. Kada a sa ta a but ɗin mota a rufe. In tafiyar mai nisa ce a yi sammako kafin rana ta take.

Tafi da ranar barbara, da sunan duk wani magani da aka ba ta, har da kwalbar in tana nan. Kada kunya ta sa ka ɓoye zancen allurar hana haihuwa. Likita zai duba ta, ya ɗebi jini don ganin yawan fararen ƙwayoyin jini da lafiyar ƙoda, in akwai na'ura ya yi sikanin. Sikanin ne ke raba gardama, don yana nuna 'ya'ya tun wajen kwana 25, yana kuma nuna mahaifar da ruwa ya cika.

Mataki na shida: fiɗa ko allura

Maganin da ya fi tabbas shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya tare da jakunkunan ƙwai biyu. Da farko ana sa mata ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya na wasu awoyi don ta iya ɗaukar allurar barci, sannan a shiga aiki. Likita zai fito da mahaifar a hankali ba tare da ta fashe ba, ya ɗaɗɗaure jijiyoyi, ya yanke, ya ɗinke. Mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna tashi. Wadda mahaifarta ta fashe ko ƙodarta ta gaza ita ce ake fargaba. Tambayi kuɗin tun farko, har da na ruwa da magani. Ya fi na cire mahaifar lafiyayyar dabba tsada, don aikin ya fi wuya.

Yayana ya yi jim da aka ce za a cire. Ya ce, "Likita, ba wata hanya? Irin nan nata ina son 'ya'yanta." Likitan ya ce, "Alhaji, akwai, amma ba ga wannan ba." Hanyar allura tana nan: furostagilandin mai matsa mahaifa ta fitar da mugunya, da agilefiriston, wanda ake sayarwa da sunan Alizin, mai toshe aikin furojestaron, a haɗa da maganin ƙwayoyin cuta na makonni. Amma sharuɗɗanta da yawa. Sai dabba mai ƙuruciya, mai sauran ƙarfi, wadda ƙodarta ke lafiya, kuma an fi so bakin mahaifar ya kasance a buɗe. Tana ɗaukar kamar kwana biyu kafin a fara ganin aikinta, mai jin jiki kuwa ba ta da kwana biyun. Furostagilandin na sa amai da dalala da haki da zawo, ana yin sa ne a gaban likita, kuma mace mai ciki ko mai asma ba ta taɓa kwalbarsa. Alizin ba ko'ina ake samunsa ba. Bayan duk wannan ciwon na iya dawowa a barbara ta gaba, shi ya sa ake cewa a haɗa ta da namiji a zagaye na gaba, a cire mahaifar da zarar an samu 'ya'yan da ake so. Ni dai in dabbata ce, fiɗa zan zaɓa.

Wasu na jin nauyin abin ta fuskar addini, suna ganin kamar canza halitta ne. Mai wannan damuwa ya tambayi malaminsa, amma ya yi masa bayanin cewa gaɓa ce ta ruɓe za ta kashe dabbar. Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Dabbar da ke tsare maka hatsi ko gona amana ce a hannunka.

Bayan aikin ka roƙi a nuna maka abin da aka ciro, ka tabbatar jakunkunan ƙwan biyu sun fita. In guntun ɗaya ya rage, dabbar za ta ci gaba da neman barbara, kututturen mahaifar da ya saura kuma na iya sake yin mugunya.

Mataki na bakwai: jinya a gida

Tanadi ɗaki mai inuwa da iska, mai daɓen siminti, a share a shimfiɗa tsohon zane mai tsafta. Ba turɓaya ba, ba kusa da turken awaki ba. Ƙuda shi ne babban abokin gaba, in ya sauka kan ɗinki kwana ɗaya ya isa a ga tsutsa. Tsohon gidan sauro yana maganin wannan. In za a wanke ɗakin kyanwa, ban da Izal da Dettol, guba ne a gare ta, tana taka su ta lashe ƙafa. Ruwan Hypo da aka sirka sosai, a bari ya bushe, ya wadatar.

Lasa ce ke warware ɗinki. In babu abin wuya na asibiti, yanke gindin ƙaramin bokitin roba, ka huda gefensa, ka ɗaura shi a igiyar wuyan karyar yadda kanta zai zauna ciki, bakin ba ya kaiwa ciki. Haka muka yi a gona, ta yi ta karo da bango ranar farko, daga baya ta saba. Kyanwa kuwa doguwar safa ko hannun tsohuwar riga, a huda wa ƙafafu huɗu wuri, a zura mata.

Daren farko ruwa kaɗan-kaɗan. Washegari abinci mai laushi, shinkafa da dafaffen nama ko kifi marar ƙaya, ba yaji, ba albasa, don albasa na lalata musu jini. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu ci ke dawowa, shan ruwan nan mai yawa kuma yana raguwa a hankali cikin 'yan kwanaki. Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci komai ba a mayar da ita. Maganin da aka rubuta a ba da shi kan lokaci har ya ƙare, ko da ta miƙe tana gudu.

Duba ɗinkin safe da yamma. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba komai. Ba a shafa masa toka, ko baƙin mai, ko man kaɗanya, ba a kuma yi mata wanka. Abin da zai sa ka koma asibiti nan take shi ne ɗinki ya buɗe, ko ruwa mai wari na fita, ko ciki ya sake kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa, ko dasashi ya yi fari, ko fitsari ya ɗauke. Ba tsalle, ba farauta, ba sakin ta gadi da dare har sai an cire zare, tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Sauran dabbobi mata da ke gidan, karya ko kyanwa, duk wadda ba ka bukatar 'ya'yanta a cire mata mahaifa tun tana lafiya, aikin ya fi sauƙi da araha. Wadda aka riga aka yi wa allurar tazarar haihuwa a daina daga yau, a kai ta likita ya duba mahaifar da nonuwanta, don allurar na haddasa ƙari a nono da ciwon suga, sannan a sa ranar aiki. Kyanwar da Inna ke da ita yanzu an yi mata tana wata shida, aka cire zare ran kwana goma sha biyu, da daddare ta koma kan buhunan gero.